Ba kowace bakteriya ce ƙwayar cuta ba

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk sanda aka zo maganar bakteriya sai a rubuta "ƙwayoyin cuta" kawai, alhali wasu ma su ke gadin cikin jariri.

Tun 1899 wani likita Bafaranshe, Henry Tissier, ya gano wata bakteriya mai suna Bifidobacterium a kashin jarirai masu shan nono. Eh, kashin nan dai mai ruwan ɗorawa da uwa ke wankewa tana yamutsa fuska, shi masu bincike ke ɗiba su kai lab har yau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne nonon uwa na da wasu nau'ikan suga kusan 200 waɗanda jaririn shi kansa ba ya iya narkarwa, to na waye? A 2008 masana a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka karanta DNA ɗin Bifidobacterium infantis kakaf, suka tarar da wani rukuni guda na ƙwayoyin gado da aikinsu kawai farfasa wannan sugan. Wato uwa na ciyar da ɗanta tana kuma ciyar da masu gadinsa, su ci su fitar da asid, hanji ya yi tsami, mugayen su kasa zama. Ikon Allah kenan.

Amma fa ba da an ciro ƙwaya daga cikin jariri shikenan ta zama furobayotik ba, wato bakteriya mai amfani da ake ba mutum ya sha don lafiyarsa. Sai an gwada ta, za ta jure asid ɗin ciki? Za ta jure ruwan matsarmama? Za ta manne a jikin hanji ko wucewa za ta yi abinta? Sannan a binciki DNA ɗinta, don wasu na ɗauke da ƙwayar gado irin tet(W) mai sa maganin antibayotik na tetirasaikilin ya ƙi cin su, kuma abin tsoron shi ne bakteriya na iya miƙa wa juna irin wannan, har ta kai ga mai cutarwa. Shi ya sa biyu za su zo da suna ɗaya amma hali daban, kamar 'yan uwa ciki ɗaya.

A Indiya an yi gwaji kan jarirai sama da 4,500, aka buga a 2017, furobayotik ɗin Lactobacillus plantarum haɗe da wani suga ya rage cutar da ke shiga jini sosai. Amma a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi kan bai wa bakwaini furobayotik bayan wani jariri ya rasu.

Don Allah Edita ku gayyato likitan yara ya yi wa iyaye bayani a shafinku na lafiya, musamman kan antibayotik da ake ɗirka wa jarirai da zarar sun yi ɗan zawo, don shi ba ya tantance na kirki da mugu, duka yake sharewa.

Naku,
Mai karanta ku kullum