Wasiƙa Zuwa ga Malam Habibu Kan Shirya Laccar Masana

Assalamu alaikum.

Aminina Malam Habibu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙoƙari? Saƙonka ya iso, na kuma ji nauyin da aka ɗora maka na shirya laccocin da masana za su riƙa yi wa jama'a kan al'amuran duniya da kimiyya da zamantakewa. Allah ya taya ka riƙo. Tunda ka nemi shawara, ga abin da nake gani.

Duk masanin da za ka gayyata, ka ba shi tambaya guda ɗaya tak da zai amsa. Idan ka ce masa kawai ya yi magana kan sauyin yanayi, zai kwaso karatun shekara ashirin ya juye wa mutane cikin awa guda, su tashi ba su riƙe komai ba. In kuwa ka ce, "Me ya sa hayaƙin gawayi da man fetur ke ɗumama duniya?" to ya san inda zai fara da inda zai tsaya. A cibiyar Royal Institution ta Landan, inda ake yi wa matasa laccocin ƙarshen shekara tun 1825, masanin kimiyya Michael Faraday ya yi lacca shida a kan kyandir: yadda lagwani ke jan narkakken kaki zuwa sama, dalilin da harshen wuta ke miƙewa, da yadda ƙonewar ke haifar da tururin ruwa. Da wannan ɗan abin ya koyar da babban yanki na ilimin sinadarai. Batun da ya yi faɗi kuma a raba shi kashi-kashi, kamar yadda BBC ke yi a laccocin Reith tun 1948. Bertrand Russell ne ya buɗe su, Ali Mazrui ya yi nasa a 1979, Wole Soyinka a 2004, kuma kowannensu ya rarraba batunsa zuwa zama da dama.

Sai lokaci. Minti arba'in na jawabi da ashirin na tambayoyi sun wadatar. Mai magana a natse yana furta kalma kimanin 130 zuwa 150 a minti, wato rubutun da ya haura kalma 6,000 ba zai shiga minti arba'in ba, ko da mai shi ya yi maka alkawari. Ka nemi ya turo maka rubutun ko jigoginsa mako biyu kafin ranar. Idan akwai tafinta, lokacin ninkuwa yake yi, don haka a rage jawabin da rabi, a kuma ba tafintan kalmomin fannin tun da wuri. Shugaban taro ya gabatar da baƙo cikin minti biyu, sannan wani ya zauna a sahun gaba da kati biyu, ɗaya na "saura minti 5", ɗaya na "saura minti 1".

Abin da ya fi kashe lacca shi ne sauti, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙarar nan mai huda kunne tana tashi ne idan makirufo ya ɗauki sautin da ke fitowa daga lasifika, ya sake mayar da shi ciki, abin ya yi ta zagayawa yana ƙaruwa. Maganinta a ajiye lasifikoki gaba da mai magana, suna fuskantar jama'a, kada kuma ya gitta ta gabansu da makirufo a hannu. Tsakanin bakinsa da makirufo ya zama kamar faɗin tafin hannu. A sa sababbin batura, a ajiye wasu a gefe. Awa guda kafin a fara, ka je sahun ƙarshe da kanka ka saurara, ka kuma duba ko rubutun majigi yana karantuwa daga can. In za a naɗi laccar, a ja sautin kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, domin waya ko kyamarar da ke bayan zaure amsa-kuwwa da tarin mutane take kwasowa.

Ka roƙi masanin kada ya kawo adadi shi kaɗai ba abin gwada shi. Idan ya ce iskar kabon dayoksaid a sararin samaniya ta wuce kashi 420 cikin miliyan, mai sauraro ba zai san ko da yawa ne ko kaɗan ba. Da zarar ya ƙara da cewa kafin zamanin masana'antu kimanin 280 ce, kowa ya gane. Haka kuma ya rarrabe wa mutane abu uku a fili: abin da masana suka yi ittifaƙi a kai, abin da suke saɓani, da ra'ayinsa na ƙashin kansa. Wannan ya fi zama dole a laccar siyasar duniya, inda cikin sauƙi ra'ayi ke shigowa da rigar ilimi.

Wajen tambayoyi, mai kai makirufo kada ya sake shi a hannun mai tambaya, in ba haka ba za ka samu lacca ta biyu. Minti ɗaya ga kowa, a karɓi uku-uku, a raba takardu ga masu jin nauyin miƙewa. Masanin ya maimaita tambaya kafin ya amsa, don na baya su ji. Idan aka ja shi zuwa fagen da ba nasa ba, shugaban taro ya kare shi.

In baƙonka jami'i ne da ba zai saki jiki ba, akwai ƙa'idar Chatham House (wata cibiyar nazarin harkokin duniya a Landan) ta 1927: mahalarta na iya amfani da abin da suka ji, amma ba za su faɗi wanda ya faɗa ko inda yake aiki ba. A sanar da ita tun farko, kuma ranar babu naɗi.

Ka turo min tambayoyin zama ukun farko in duba su kafin ka aika wa baƙin. A gaida mutanen gida da yara.

Wassalam,
Naka, Bashir