Sanarwa Kan Kayan Gyaran Injin Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa matuƙa da makanikai. Ruwa ya fara cika daga Yawuri har Kainji, don haka kowa ya duba injinsa tun yanzu.

Masu injin Yamaha Enduro 40, don Allah kada ku yi tsimi a kan robar famfon ruwa, ku sayi ta kamfani. Ita ce ke tura ruwan da ke sanyaya inji. Ta jabu fikafikanta kan yi tauri su gutsure, gutsuren ya toshe hanyar ruwa. Sai ka ga tsartuwar ruwan nan da ke fitowa ta bayan inji ta ragu, kan inji ya yi zafi, fistin ya kama, kana tsakiyar kogi da mata da yara. Ga ruwan damina da yashi, shi ma cin roba yake yi. Haka zoben fistin da gasket (abin da ke hana yoyo a mahaɗin sassan inji), ba na ba da shawarar na gama-gari.

Farfela, igiyar tayarwa da tiyon mai kuwa, na gama-gari mai kyau ya wadatar.

Fulogin kamfanin NGK ma ana buga na jabu. Ku tafi kasuwa da tsohon kayan, a gwada lamba da lamba kafin ku biya, kuma ku karɓi rasit.

Allah Ya tsare mu.