Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Da Ya Shiga Aji Biyu A Famasi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kuma sanyin Samaru bai hana ka fita lakcar ƙarfe takwas ba. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Na ga murnar tsallakewa zuwa aji biyu, na ga damuwar da ta biyo bayanta: tes ɗin lissafi bai yi kyau ba, haɗin mai da ruwa da ka yi a lab ya tsinke, ga anatomi da fisiyoloji da bayokemistari sun taso maka gaba ɗaya. Ka tambaya ko haka abin yake ga kowa. Haka yake, mutumina. Aji ɗaya ci gaban sakandare ne, fiziks da kemistari da bayoloji tare da ɗaruruwan ɗaliban kimiyya. Famasi na gaskiya a aji biyu yake farawa, kuma abin da yake nema a wurinka ya sha bamban da abin da ya kawo ka nan. Hadda ce ta ba ka makin JAMB. Yanzu ana son hannunka da lissafinka su zama daidai, ba kusa da daidai ba.

Bari in fara da lissafin, don shi ya fi damuna. A kwasa-kwasan tsangaya makin ci 50 ne, ba 40 ba, amma kada wannan ya sa ka ɗauka rabin amsa ya wadatar. A lissafin magani malami ba ya ba da rabin maki ga wanda ya ɗora ɗigo a inda ba wurinsa ba, kuma yana da gaskiya, domin ɗigo ɗaya shi ne bambancin awo da ninkinsa goma. Yawancin waɗanda ke faɗuwa ba don lissafin ya yi tsauri ba ne. Ma'auni suke cakuɗawa.

Ka zaunar da abu ɗaya a kanka har ya zama ba sai ka yi tunani ba: kashi 1 cikin 100 na nauyi a cikin ruwa yana nufin giram 1 a mililita 100, wato miligiram 10 a kowace mililita. Daga nan komai yake fitowa. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya, mai kashi 0.9 cikin 100, giram 9 ne a lita ɗaya. Adirenalin da aka rubuta 1:1000 miligiram 1 ne a mililita 1. Yaro mai nauyin kilo 12 da za a ba farasitamol a kan miligiram 15 kowane kilo yana bukatar miligiram 180; idan kwalbar ta ce miligiram 120 a mililita 5, awonsa mililita 7.5 ne. Ka riƙa rubuta ma'aunin kusa da kowace lamba a kowane layi, kana soke masu kama da juna. In ka ƙare ka ga amsar ta fito da giram alhali mililita ake nema, ka san ka kauce tun kafin malami ya gaya maka. Bayan haka ka tambayi kanka ko amsar ta yi kama da abin da za a ba ɗan Adam. Yaro ɗan shekara biyu ba ya shan mililita 75 na farasitamol a lokaci ɗaya.

Ga wani da ke kada mutane da yawa. An ce ka haɗa mililita 500 na sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 daga mai ƙarfin kashi 95. Ka ninka 70 da 500 ka raba da 95, ka sami kusan mililita 368. Kuskuren shi ne mutum ya ce to ruwa mililita 132 ke nan. A'a. Sifirit da ruwa in suka haɗu jimillarsu na raguwa kaɗan, saboda haka za ka zuba 368 ɗin ne, sannan ka ƙara ruwa har ya kai layin 500. Kuma daga yau kada ka rubuta .5, ka rubuta 0.5, kada ka rubuta 5.0, ka rubuta 5. Maikurogiram kuwa ka rubuta shi cikakke, don digozin na miligiram 0.25 shi ne na maikurogiram 250, kuma maganin zuciya ne da tazarar amfaninsa da cutarwarsa ba ta da faɗi.

Yanzu haɗin da ya tsinke maka. Daga bayaninka, hanyar busasshen ƙaro aka sa ku, kuma ina kyautata zaton danshi ne ya ɓata maka aiki. Ga man gyaɗa da ire-irensa ƙa'idar ita ce mai kashi 4, ruwa 2, ƙaro 1. Ga farafin na ruwa 3, 2, 1. Ga mayuka masu ƙamshi da ke tashi a iska 2, 2, 1. Ke nan in manka mililita 40 ne, ruwan farko mililita 20 ne, garin ƙaro giram 10. Ka ɗauki turmin tangaran mai kaushin ciki, ba na gilashi mai santsi ba, ka tabbatar ya bushe ƙayau, shi da taɓaryarsa. Ma'aunin da za ka auna man da shi ma ya zama busasshe, kuma ka bar man ya tsiyaye duka. Ka barbaɗa ƙaron a kan man, ka juya a hankali na ɗan lokaci kaɗan, iya yadda garin zai watsu. In ka daɗe a nan, man zai lulluɓe ƙaron har ruwa ya kasa kai masa. Sai ka zuba ruwan mililita 20 ɗin gaba ɗaya, a tashi ɗaya, ka kama kirɓawa da sauri ta ɓangare guda, da wuyan hannu, ba tsayawa. Cikin minti biyu zuwa uku zai yi fari ya yi kauri kamar kindirmo, kuma za ka ji yana ƙara, ƙas-ƙas, a ƙarƙashin taɓaryar. Wannan ƙarar ita ce shaidar ya kama. Daga nan ne kawai za ka fara ƙara sauran ruwan kaɗan-kaɗan.

In turmin yana da ɗigon ruwa tun farko, ƙaron zai dunƙule kafin lokaci. In ka zuba ruwan farko a hankali, ba zai isa ya kewaye man ba. In ka ga man yana kwance a sama yana ƙyalli, ya riga ya tsinke, girgiza ba za ta dawo da shi ba. Kada ka ɓata minti ashirin kana lallashinsa, ka wanke turmi, ka busar, ka sake. Ranar da ka ji ƙarar nan da kunnenka za ka fita lab da wani irin farin ciki da babu makin da ke kawo shi, ina kuma yi maka fatan ranar ta zo a makon nan.

Haɗa gari ma yana da nasa tsarin. In maganin kaɗan ne abin cikon kuma mai yawa, ka fara da maganin, ka ƙara masa abin ciko daidai yawansa, ka gauraya, ka ƙara daidai yawan abin da ke turmin yanzu, haka kana ninkawa har ya ƙare. Wanda ya juye komai a lokaci ɗaya zai sami ƙunshi ɗaya mai ƙarfi, ɗaya kuma kusan babu komai. Sannan takardar jikin kwalba: ɗalibai suna barinta sai minti biyar na ƙarshe, alhali maki mai yawa a kanta yake. Ka rubuta ta kafin ka taɓa turmi. Sunan haɗin, yawansa, yadda za a sha, sunan mai shi, ranar haɗawa da ranar da za a zubar. Duk abin da ke kwantawa a rubuta a girgiza kwalba. Duk abin shafawa, kamar ruwan kalamin, a rubuta na shafawa ne kawai, a kuma sa shi a kwalba mai gurzau a jiki, don wanda ya laluba cikin duhu ya ji a hannunsa cewa ba na sha ba ne.

A lab ɗin kemistari, abin da ke hana sakamakonka daidaita sau da yawa abu uku ne: ba ka ɗauraye buret, wato dogon bututun gilashi mai layukan awo, da ruwan da za ka zuba a ciki ba, ko akwai kumfar iska a bakinta, ko kana karanta layi daga sama maimakon idonka ya daidaita da ƙasan lanƙwasar ruwan. Ka yi gwajin farko da sauri don ka san wurin da launi ke canzawa, sauran kuma ɗigo-ɗigo in ka kusa, har ka sami biyu da bambancinsu bai wuce mililita 0.1 ba. Sodiyam haidroksaid yana shan danshi da iskar kabon daga sarari, shi ya sa ba a yarda da ƙarfin da ke rubuce a kwalbarsa sai an gwada. Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka gyara lamba don ta yi daidai da ta maƙwabcinka. Ka rubuta abin da ka gani, ka yi bayanin dalili. Tsakanin 2008 da 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan saboda maganin fitowar haƙori da aka haɗa da sinadari mai guba, dayetilin gilaikol. Aikin mai gwaji shi ne ya kama irin wannan kafin ya fita kasuwa, kuma hannun da ya saba gyara lamba a aji biyu ba zai kama shi ba.

Ba duka wahala ba ce. Kwas ɗin tsirrai, famakognosi, zai faranta maka rai, don rabin abin da ake koyarwa ka san shi tun a gida. Ƙaron da kake fama da shi daga dakwara yake fitowa. Filasko ɗan'uwan sanna ne da ake ba mai taurin ciki. Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar, cikin tsirransa akwai kanumfari da masoro da karan dafi. In za ka duba gari a madubin ƙara girma, ka ɗebi ɗan mitsitsi, don in ya yi yawa duhu kawai za ka gani. Ayodin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu, kuma ƙwayar sitacin dankalin Turawa babba ce mai siffar ƙwai, ta masara ƙarama mai kusurwoyi. Ka zana abin da idonka ya gani da fensir mai tsini, ba wanda ke littafi ba. Malamai suna gane zanen da aka kwafa.

Anatomi da fisiyoloji da bayokemistari kuwa kada ka ɗauke su kwasa-kwasan aro da za ka ci ka manta. Wanda bai fahimci jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da numfashi a aji biyu ba, famakoloji, wato ilimin yadda magani ke aiki a jiki, zai zame masa haddar sunaye ɗari ba ma'ana a aji uku. Ka ba wannan babin da na ƙoda da na hanta lokaci fiye da sauran.

Batun lokaci. Lakca da safe, lab da rana, rahoto da dare, shi ke nan ranar ta tafi. Rahoton lab ka rubuta shi a ranar da ka yi aikin, ko da sharar fage ce, don bayan kwana uku ba za ka tuna launin da ka gani ba. Lissafi biyar kullum bayan sallar asuba ya fi hamsin a daren tes, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi tambayoyin shekarun baya wurin 'yan aji uku ko ƙungiyar ɗalibai ta PANS, ka amsa su da agogo a gabanka. Ka karanta littafin dokokin tsangaya da kanka, musamman abin da ya shafi halartar lakca da yawan kwas ɗin da in aka faɗi ake maimaita aji, kada ka dogara da jita-jitar hostal. Farar riga ka yi biyu in da hali, ta auduga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe, da kalkuleta taka ta kanka.

Za ka ga masu kwana a aji suna karatu, wasu har da shan abin hana barci. Ka nisanci wannan. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take ajiye abin da ka karanta, kuma hannun da bai yi barci ba shi ke zubar da asid. Tiramadol da kodin kuwa, ka san abin da suka yi wa matasanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Kai da za a damƙa wa mabuɗin ma'ajiyarsu nan gaba, kada ka fara.

In ka je hutu za a fara ce maka likita, za a kuma miƙo maka takardun asibiti. Karanta b.d. da t.d.s. da nocte ka gaya musu sau biyu ne, sau uku ne, da dare ne, wannan ba laifi. Ka nuna musu cokalin gida ba ma'auni ba ne, mililita 5 ake nufi. Amma kada ka rubuta wa kowa magani, ko da Inna ce ta matsa. Hanyar da sauran tsawo: bayan digiri akwai shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin wanda ya yi rajista, da jarrabawar PCN, hukumar da ke yi wa masu famasi rajista, da bautar ƙasa.

Ka ɗauki hoton takardar tes ɗin ka turo mini ta WhatsApp, da duk sharar fagen da ka yi a gefe, in ga layin da lissafin ya kauce. Ka kuma gaya mini wane mai aka ba ku a haɗin, da irin turmin da ka ɗauka. In ka yi waya gida ka gaida Baba da Inna da ƙannenka. Allah Ya buɗa ƙwaƙwalwa, Ya ba da sa'ar zangon nan.

Wassalam,
Naka har kullum.