Manhajar kyauta ma tana buƙatar mai kula da ita

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin masu makarantu, asibitocin kuɗi da ofisoshi a Jihar Zamfara.

Sana'ata girka kwamfuta da gyaranta a Gusau. Yawancin wuraren da ake kirana, manhajar nan da aka buɗe wa kowa ce a kan babbar kwamfutarsu: Ubuntu mai tafiyar da kwamfutar kanta, WordPress na gina shafin intanet, wani lokaci Moodle na koyarwa ta intanet. Ba a biyan ko kwabo, kuma tana da inganci. Sai dai ɗan kwangila yakan girka, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa, ba mai sake leƙa ta. Kwanakin baya na tarar da wata makaranta tana ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai a kan Ubuntu 18.04, wadda aka daina yi wa facin tsaro na yau da kullum, wato gyaran da masu manhaja ke fitarwa don toshe kafar kutse, tun Mayun 2023. Da na yi magana, mai makarantar ya ce, "Malam, ai tana aiki lafiya lau." Tana aiki kam, amma ƙofar a buɗe take.

Tun 1999 akwai tsarin da ake kira CVE. Idan aka gano ɓaraka a wata manhaja, sai a ba ta lamba mai ɗauke da shekara. Ubuntu da Debian, wata manhajar irinta, suna da shafukan da ke nuna manhajar da abin ya shafa, sigar da ke da matsalar, da ko an toshe. Kowa na iya karantawa, har masu kutse, kuma su ba sa fashin karatu. Ranar da faci ya fito, ranar ɓarawo ya san inda kafar take, sai ya bi yana laluben waɗanda ba su sabunta ba.

A Disambar 2021 aka bayyana ɓarakar Log4j, mai lamba CVE-2021-44228. Abin da ya ba da wahala shi ne Log4j ƙaramar manhaja ce da ake cusawa cikin manya, saboda haka da yawa ba su ma san suna da ita ba. Mu nan kuwa ba mu daɗe da fita daga katse layukan waya da aka fara a Satumbar shekarar ba, kwamfutoci sun yi makonni ba sabuntawa, kuma da layi ya dawo hankalin kowa na kan WhatsApp. A Maris 2024 kuma wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya gano an dasa ƙofar sirri a cikin xz, manhajar matse fayil, ta hannun wanda ya daɗe yana neman amincewar mai kula da ita. Allah Ya taimaka aka kama kafin ta bazu.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Kowane ofis ya tanadi littafi, ko na kwali ne irin na rajista, a rubuta manhajar da aka girka, sigarta, da ranar ƙarewar tallafinta. A ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, duba sanarwar tsaro kowane mako, a kuma ware masa kuɗin data, don sau da yawa a nan gizo ke saƙar. Takardar kwangila ta ƙunshi kulawar aƙalla shekara guda bayan girkawa.

Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda su ma su koya wa ɗalibansu karanta waɗannan sanarwoyin, don yaran da ke zuwa koyon aiki wurina sun iya girkawa, amma lambar CVE baƙuwarsu ce.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Tudun Wada, Gusau.