Ga masu rage ƙiba da furotin: ƙarin nauyi na kwana ɗaya a sikeli ruwa ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi magana da masu neman rage ƙiba ta hanyar cin abinci mai yawan furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai da wake), musamman waɗanda suka fara da ƙarfinsu, sai tafiya ta yi nisa suka yi tuntuɓe.

Ga abin da ya fi karya wa mutane gwiwa. Mutum ya yi mako uku yana kiyaye baki, ran nan ya saki jiki ya ci son ransa, washegari ya hau sikeli ya ga ƙarin kilo ɗaya da rabi. Nan take sai ya ce wahalarsa ta tashi a banza. To, a yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700. Kafin kitse kilo ɗaya da rabi ya taru, sai an ci kalori sama da 11,000 a kan abin da jiki ke ƙonawa, wanda cin dare ɗaya ba ya kai wa nan. Ruwa ne ya ƙaru. Hanta da tsoka suna ajiye sukari a matsayin gilaikojin, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram 3. Wanda ya rage sitaci yakan ci ajiyar nan, shi ya sa a makon farko nauyi ke zubewa kamar wasa. Ranar da ya ci shinkafa ko burodi da yawa, ajiyar ta sake cika, ruwan ya biyo ta. Gishiri ma yana riƙe ruwa, haka mata idan al'ada ta gabato. A cikin 'yan kwanaki abin yake sauka da kansa.

Ɓarnar gaskiya tana zuwa ne daga ramuwa. Mutum ya ce yau ba zai ci komai ba don ya biya bashin jiya, yunwa ta ci shi har dare, ya sake afka wa abinci. Abin yi shi ne a koma tsarin da aka saba tun daga cin abinci na gaba, ba sai an jira sabon mako ba. A riƙa hawa sikeli da safe, bayan an zaga, kafin a sa komai a baki, sannan a haɗa awon kwana bakwai a raba bakwai. Wannan matsakaicin shi ake dubawa. A haɗa da awon ƙugu da tef daidai cibiya duk mako biyu.

Tsayawar nauyi kuwa, wadda ta kai mako uku ko huɗu, wata magana ce daban. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da, don haka abincin da ya sauke mai kilo 95 yana iya tsayar da shi a kilo 85. Amma kafin a rage abinci, a fara duba abin da ke shiga ba a lissafa ba. Cokali babba ɗaya na mai kalori kusan 120 ne. Gyaɗa giram 100 tana da furotin kamar giram 25, amma kalorinta ya haura 550, kuma hannu ba ya gajiya da ɗiba. Furotin kansa kalori 4 ne a kowane giram, daidai da sitaci. Fifikonsa shi ne yana riƙe ciki, kuma jiki yana ƙone kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorinsa wajen narkar da shi. A rubuta duk abin da aka ci na mako guda, har da ɗanɗanen bakin tukunya. Yawanci ɓarawon a nan ake kama shi.

Wasu kuma suna tsammanin furotin ɗin da suke ci ya isa, alhali bai kai ba. Mai rage ƙiba yana buƙatar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 80 giram 96 zuwa 128 a yini, a raba shi uku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Dafaffen ƙirjin kaza giram 100 yana ba da kusan giram 30, kofin dafaffen wake kusan 15. Idan karin safe ƙwai biyu ne kawai, kada a yi mamakin yunwar hantsi. A haɗa da motsa jiki na ɗaga abu mai nauyi ko makamancinsa sau biyu a mako don kada tsoka ta tafi tare da kitsen, a kuma samu barcin awa bakwai, domin ƙarancin barci yana buɗe ciki.

Taurin bayan gida, wanda mutane ke jin kunyar faɗa, shi ma yana sa da yawa su watsar. Nama da ƙwai da kifi ba su da harza (ɓangaren abincin tsiro da ciki ba ya narkarwa) ko kaɗan. Ana son harza aƙalla giram 25 a yini daga ganye, wake da 'ya'yan itace, a ƙara a hankali saboda kumburin ciki, a sha ruwa har fitsari ya yi haske.

Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin shi ma ya fara ganin likitansa, don rage sitaci ba tare da an gyara magani ba yana iya faɗar da sugansa. Haka mai juna biyu da mai shayarwa.

Wassalam.

Daga wasu masu ba da shawara kan abinci da lafiyar jiki.