Godiya ga wata ma'aikaciya a ofishin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, Hotoro

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, amma mahaifinmu ya bar mana fadama a wajen Haɗeja. Shekaru kusan biyar ke nan ciyawar kachala ta cinye mana bakin ruwa, tsuntsun jan-baki kuma ya samu wurin kwana a cikinta, yana yi wa shinkafa ɓarna. Ƙannena suka ce mu banka wuta, mu zuba wa tsuntsayen guba. Raina bai kwanta ba.

Ofis biyu na je neman shawara a nan Kano. A na farko aka ce oga ba ya nan, sau uku. A na biyu wani ya ce mini wannan ai maganar ƙauye ce, ko ɗagowa bai yi ya dube ni ba.

Da na shigo naku ban sa rai da komai ba. Sai wata baiwar Allah ta ce, “Baba, zauna ka huta tukuna.” Ta shimfiɗa taswira, ta bi ruwan da yatsa tun daga madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 har zuwa Nguru. Ta ce kachala tana son inda ruwa ke kwana duk shekara, kuma wuta ba ta kai wa saiwarta. In an yanke ta a ƙarƙashin ruwa ne take shaƙewa. Guba kuwa ba ta bambanta jan-baki da dinya ko kirinjijiya, sannan ta gangara ta kashe kifi. A bakinta na fara jin cewa wasu tsuntsayen da muke gani da hunturu daga Turai suke zuwa, kuma dausayin Baturiya da ke kusa da mu ya shiga jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayoyin duniya, tun 2008. Na tuna gauraka da muke gani muna yara, rabona da ita har na manta.

Abin da ke ci mini rai shi ne, me ya sa sai mutum ya yi sa'a kafin ya ji wannan? Takardun wayar da kai duk da Turanci, a kulle cikin kabad, manoman da ke cikin ruwan kuwa ba wanda ya je musu da su.

’Yata, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifa. Ranar Asabar za mu shiga da lauje.