Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyar ma'aikatan cibiyoyin lafiya na CSI masu binciken inganta aiki a jahar Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa majo-majo, ungozomomi da ma'aikatan jinya. Ga abin da ƙungiyarmu ta yi a bana, kamar yadda kwamitin gudanarwa ya tattara.

Kowa ya san abin da ya haɗa mu. Kullum muna cika rajista, ƙarshen wata a shigar da alƙaluma cikin DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, su wuce Yamai, mu da muka rubuta kuwa ba mu zauna mun karanta su ba. Shi ya sa muka amince cibiyoyinmu su riƙa ɗaukar tambaya guda, kowace ta duba ta a nata wurin, sannan mu haɗu mu kwatanta. Wannan aiki ba baƙo ba ne a Tawa. A nan aka fara shirin tabbatar da ingancin aikin lafiya a 1993 da tallafin USAID, hukumar agaji ta Amurka, kuma dattawanmu da suka yi aiki a cikinsa su ne suka koya mana yadda ake zaman warware matsala a cibiya.

Babban aikin bana shi ne zubar jini bayan haihuwa. A ƙa'ida, idan mace ta zubar da mililita 500 cikin awa 24 da haihuwa, an shiga haɗari. Amma da muka jera rajistocin ɗakin haihuwa na cibiyoyin da ke yankin Madawa, Konni, Illela da Keita, sai muka tarar a wurare da yawa abin da aka rubuta bai wuce "jini kaɗan" ko "jini da yawa" ba. Ido yana raina jini, musamman da dare, ungozoma ita kaɗai, tocila a hannu. Sai muka koma ga zanen da ake shimfiɗa wa mai jego: kowace cibiya ta auna rabin lita na ruwa ta zuba a kan irin zanen da take aiki da shi, kowa ya ga yadda yake jiƙewa. Muka ƙara layi biyu a rajista, lokacin da jariri ya fito da lokacin da aka yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke don hana zubar jini, wadda ake so a yi cikin minti ɗaya da fitowarsa. Layin nan biyu sun tona abin da ba mu zata ba. A wasu cibiyoyi allurar na cikin firij ne a wani ɗaki da ake kullewa da dare, makulli kuma yana aljihun wanda ya tafi gida. An gyara wannan ba a kashe ko dala ba.

Muna da dalilin dagewa. Tun 2015 ƙasarmu ta ɗauki tsarin ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini, balan-balan ɗin da ake sa wa mahaifa don toshe jinin, da rigar matsi ta kai mara lafiya babbar likita, kuma binciken da aka buga a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini sun ragu da fiye da rabi. A 2023 ɗin ce kuma gwajin E-MOTIVE, da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jini da wuri da haɗa magunguna a lokaci ɗaya ya rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin 100. A ganin kwamiti, kayan aiki ba su ne suka fi ƙaranci ba, saurin ganewa ne.

Aiki na biyu ya shafi maganin rigakafin masassarar damina na yara ƴan wata 3 zuwa 59, wanda aka fara rabawa a Nijar a 2013. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ce ke bayarwa a gida. Membobinmu sun bi gidaje a rana ta huɗu suna neman kwalin. Wasu sun same shi a soke a jikin danga, ƙwayoyin na ciki, domin yaro ya yi amai ranar farko uwa ta ji tsoro. Yanzu masu rabo suna tsayawa su yi wa uwa bayanin amai tun kafin ya faru.

Abin da bai tafi daidai ba: cibiyoyin arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, sun rasa yawancin tarurrukanmu saboda nisa da halin hanya, rukunin WhatsApp kuma bai maye gurbin zama ba. Ba za mu ce muna magana da sunan jaha ba alhali babu muryarsu. Kuɗin wata-wata ma akwai masu bashi. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro.

A baɗi kwamiti na ba da shawarar a ɗauki tambayar awon ciki: me ke sa mata zuwa awon farko a makare, bayan kyauta ake yin sa tun 2006? Kowace cibiya ta zo taron da rajistar awon ciki ta watanni shida na ƙarshe. Allah ya kai mu lafiya.

Kwamitin gudanarwa, Tawa